Ta ina zan fara koyon kodin idan burina in ƙera gem?

Wani matashi ne ya turo mini tambaya. Ya ce bai taɓa rubuta ko layi ɗaya na kodin ba, wato umarnin da ake rubuta wa kwamfuta, abin da ke hannunsa laftof ce mai RAM 4GB da wayar Android, kuma ya daɗe yana son ya ƙera gem nasa na kansa. Ya tambayi mutum uku, kowa ya ba shi amsa daban. Ɗaya ya ce sai ya iya yaren kodin na C++, ɗaya ya ce ya fara da yaren Python, na ukun ya ce ya sauke manhajar ƙera gem ta Unity kawai. Yanzu kansa ya kulle, bai san wanda zai bi ba.

Ƙanena, bari in ba ka amsar tun daga farko, dalilai su biyo baya. Ka sauke Godot, wanda inji ne, wato manhajar da ake ƙera gem a cikinta, ka koyi yarensa da ake kira GDScript, ka ɗibar wa kanka wata biyu ka gama ɗan ƙaramin gem guda ɗaya, wanda abokinka zai buga a wayarsa daga farko har ƙarshe ba tare da ka tsaya a kansa kana yi masa bayani ba. Duk sauran abubuwa za su iya jira.

Maganar zaɓen yare ita ce ta fi cinye wa masu farawa lokaci, alhali a matakin da kake ita ce mafi ƙarancin nauyi. Da Java Markus Persson ya rubuta Minecraft a 2009. Da C# Eric Barone ya yi Stardew Valley, shi kaɗai, ya shafe sama da shekara 4 kafin ya fitar da shi a 2016. Balatro da ya yi tashe a 2024 da Lua aka rubuta shi, shi ma aikin mutum ɗaya ne. Undertale na 2015 a GameMaker aka haɗa shi, manhajar da wasu ke rainawa wai ta 'yan koyo ce. Mai buga gem ba ya tambayar da wane yare aka rubuta, abin da ya dame shi kawai ko gem ɗin ya yi masa daɗi. Kuma yarukan nan duka ginshiƙansu ɗaya ne. Akwai bariyabul, wato ma'ajiya mai suna da kake saka lamba ko rubutu a cikinta. Akwai sharaɗi, idan kaza ya faru a yi kaza. Akwai maimaici, a yi abu sau goma ko har sai wani abu ya cika. Akwai fankishin, wato dunƙule aiki wuri guda a ba shi suna don a riƙa kiransa. Sai jeri, inda ake tara abubuwa da yawa a bi su ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya riƙe waɗannan biyar da kyau a yare ɗaya, komawarsa wani yaren ba ta ɗaukar dogon lokaci.

Wanda ya ce maka C++ bai yi ƙarya ba, sai dai amsar wata tambaya ya ba ka. Manyan kamfanonin da ke yin gem na PlayStation da Xbox da C++ suke aiki, kuma injin Unreal na kamfanin Epic Games a kansa aka gina shi. Idan nan da shekara biyar kana son aiki a irin waɗannan wurare, za ka buƙace shi. Amma C++ yare ne da ke ɗora maka kula da ƙwaƙwalwar kwamfuta da hannunka, kuskure kaɗan gem ya rufe kansa ba tare da ya faɗa maka dalili ba. Mai farawa zai ƙare da faɗa da yaren maimakon koyon gem. Ga shi kuma Unreal 5 yana cin gigabayit masu yawa wajen saukewa, yana son katin girafik mai ƙarfi, kwamfutarka ba za ta ɗauke shi ba.

Unity inji ne mai kyau, ba na kushe shi. Da C# yake aiki, gem ɗin waya masu ɗimbin yawa da shi aka yi su, kuma idan ka duba tallan neman ma'aikata za ka ga sunansa fiye da na Godot. Matsalarsa a wurinka nauyi ne. Idan ka haɗa shi da kayan fitar da gem zuwa Android, data mai yawa zai ci, kuma a kan RAM 4GB kowane ɗan gyara sai ka zauna jiran ya gama lodi. Wannan jiran yana kashe wa mai koyo gwiwa fiye da yadda ake zato, domin koyon kodin gwaji ne a kai a kai: ka canza lamba, ka duba, ka sake canzawa. Akwai kuma abin da ya faru a Satumban 2023, lokacin da kamfanin ya sanar da cewa zai riƙa karɓar kuɗi a kan kowace saukewa da aka yi wa gem ɗin da aka yi da injinsa. Masu ƙera gem suka yi ca a kansa, shugaban kamfanin ya sauka a watan da ya biyo baya, daga ƙarshe aka soke tsarin a Satumban 2024. An wuce wurin, amma mutane da yawa sun gane cewa injin da kamfani ya mallaka, kamfanin ne ke da ta cewa a kan sharuɗɗansa.

Godot kuwa wasu 'yan Ajantina biyu ne suka fara shi, Juan Linietsky da Ariel Manzur, suka sake shi kyauta ga kowa a 2014 ƙarƙashin lasisin MIT. Ba ka biyan ko kwabo, ko da gem ɗinka ya kawo miliyoyi. Fayil ɗaya ne da bai kai megabayit 100 ba a matse, ba ya buƙatar girkawa, kana iya karɓa a filas daga wurin aboki. Bayanin kowane abu na injin yana cikinsa, ka danna F1 ka karanta ba tare da intanet ba, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda datarsa ke ƙarewa tsakiyar wata. Idan za ka buɗe sabon aiki, a wurin zaɓen yadda za a zana hoto ka zaɓi Compatibility, shi ne ya dace da tsofaffin kwamfutoci da ƙananan wayoyi. An yi gem na kasuwa da shi, irin su Brotato da Dome Keeper, don haka ba abin wasan yara ba ne. Yarensa GDScript ya yi kama da Python ƙwarai, har tsarin tura layi ciki. Saboda haka mai ba ka shawarar Python ma bai yi nisa da gaskiya ba. Idan ka riga ka fara Python, ka ci gaba na mako biyu ko uku har ka riƙe ginshiƙan nan biyar, sannan ka dawo. Idan ba ka fara ba, ka shiga GDScript kai tsaye. Wanda kuma ba shi da kwamfuta sam, akwai Godot na Android, akwai kuma Pydroid 3 da ke iya tafiyar da Python tare da Pygame, kayan haɗa gem na Python. Rubutu da babban yatsa a sikirin yana da wahala, amma kibod mai araha da igiyar OTG suna rage ta sosai.

Yanzu ga abin da ya bambanta kodin na gem da sauran kodin, kuma a nan nake so ka fi mai da hankali. Manhajar lissafi tana zaune shiru har sai ka danna mata wani abu. Gem ba ya zama. Zagaye yake yi ba tsayawa: ya duba abin da ɗan wasa ya danna, ya sabunta halin duniyar gem ɗin, ya zana hoto a sikirin, ya sake komawa farko. Kowane zagaye ɗaya shi ake kira firem, kuma yawancin gem suna neman firem 60 a daƙiƙa. Ma'ana duk lissafinka, motsin abokan gaba, duba wanda ya bugi wani, zanen komai, dole ya ƙare cikin kimanin milisakan 16.7. Motsin da kake gani ba komai ba ne illa lamba da ke canzawa kaɗan kaɗan a kowane firem. Ɗan wasan da ke cikin sikirin yana da lambobi biyu da ke nuna inda yake, x da y, ka ƙara wa x sai ya matsa dama. Ka lura, a sikirin ana fara ƙirga daga kusurwar sama ta hagu, kuma y ƙaruwa yake yi idan ka gangara ƙasa, saɓanin jadawalin da aka koya maka a darasin lissafi. Don haka tsalle ragi ne daga y.

A nan kusan kowa ke fara tuntuɓe. Ka ce ɗan wasanka ya matsa fiksel 5, wato ƙananan ɗigon da ke haɗa hoton sikirin, a kowane firem. A kwamfutarka mai firem 60, fiksel 300 zai yi a daƙiƙa. A tsohuwar wayar ƙanwarka mai firem 30, 150 zai yi, ya zama kamar yana jan ƙafa. A waya mai firem 120 kuma 600 zai yi, ba mai iya sarrafa shi. Maganin shi ne ka daina ƙirga da firem, ka koma ƙirga da lokaci. Inji yana ba ka wata lamba a kowane zagaye mai suna delta, wato tsawon lokacin da ya wuce tun firem na baya. Sai ka ninka saurin da ita:

extends Sprite2D
var sauri = 300
func _process(delta):
    if Input.is_action_pressed("ui_right"):
        position.x += sauri * delta

Layi biyar ne, kuma a cikinsu akwai bariyabul, akwai fankishin, akwai sharaɗi. Godot da kansa yake kiran _process a kowane firem. Idan firem 60 ne, 300 sau ɗaya bisa 60 ya ba da 5. Idan 30 ne, ya ba da 10. Ko ta wane hali dai fiksel 300 ne a daƙiƙa. Ka ga kuma na sa wa bariyabul ɗin suna da Hausa, kwamfuta ba ruwanta da wannan, kuma yana taimaka wa mai koyo ya bambance kalmomin da nasa ne da waɗanda na yaren ne.

Irin wannan tuntuɓen akwai ƙaninsa. Idan ɗan wasa ya danna dama da sama tare, ka ƙara 300 a x ka rage 300 a y, to tafiyarsa a karkace za ta fi ta miƙe sauri da kusan kashi 41 cikin ɗari, saboda ƙa'idar Pythagoras da ka yi a sakandare. Godot yana da Input.get_vector da ke daidaita wannan, amma ina so ka fahimci dalilin kafin ka yi amfani da shi. Mutane suna yawan tambaya ko sai mutum ya ƙware a lissafi. Ga gem mai fuska biyu, wato 2D mai tsawo da faɗi kawai, abin da kake buƙata bai wuce tarawa da ninkawa, da fahimtar kibiya mai tsawo da alkibla da ake kira bekta, da ɗan sin da cos idan za ka juya abu ba. Kuma za ka ga sun fi shiga kai idan kana kallon harsashi yana bin kusurwar da ka lissafa, fiye da yadda suka shiga a allon aji.

Abu na biyu shi ne karo, wato gane cewa abu ya taɓa abu. Hanya mafi sauƙi ita ce a ɗauki kowane abu a matsayin akwati mai kusurwa huɗu, a duba ko akwatunan biyu sun shiga juna a x kuma sun shiga juna a y. Inji zai yi maka wannan, amma ka rubuta shi da hannunka sau ɗaya. Abu na uku shi ne hali. Ɗan wasa ko dai yana tsaye, ko yana gudu, ko yana sama, ko ya mutu, kuma ba ya zama a hali biyu lokaci guda. Idan ba ka tsara haka tun farko ba, za ka tarar da ɗan wasanka yana tsalle a iska ba iyaka, ko ya mutu amma yana ci gaba da harbi. Bariyabul ɗaya da ke riƙe da halin da ake ciki, da ƙa'idar daga wane hali ake shiga wane, sun isa su hana rabin rikicin da masu farawa ke shiga.

To me za ka fara ginawa? Na san abin da ke ranka, domin kusan duk mai wannan tambaya Free Fire ko PUBG ko Call of Duty yake hangowa. Waɗannan ayyukan manyan tawagogi ne, da masu zane, da masu sauti, da masu kula da saba, wato manyan kwamfutocin da ke haɗa 'yan wasa, da kuɗi masu yawa. Haɗa 'yan wasa ta intanet kaɗai fage ne mai zaman kansa, yana cikin mafi wuya a sana'ar. Yaron tela ba da babbar riga yake farawa ba, maɓalli da kalmasa ake ba shi har hannunsa ya faɗa. Ka fara da Pong: sanda biyu, ƙwallo ɗaya, maki. A 1972 ma a matsayin aikin gwaji Nolan Bushnell ya ba Allan Alcorn shi lokacin da ya shiga Atari, ko da yake na wancan zamanin da kayan lantarki aka harhaɗa shi, ba kodin ba. A cikinsa za ka koyi motsi, karo, ƙirga maki da sake farawa. Daga nan ka yi wasan maciji irin na Nokia, wanda ya fara fitowa a wayoyinsu a 1997. Shi zai tilasta maka fahimtar jeri, domin jikin macijin jerin gurabu ne: a kowane taki ka ƙara sabon kai a gaba, ka cire wutsiya a baya, idan ya ci abinci kuma ka bar wutsiyar. Ranar da ka gano wannan da kanka, ka fara tunani irin na mai kodin.

Na uku da nake ba ka shawara shi ne dara, kuma da gaske nake. Yadda aka fi yin ta, gurabu 30 ne, 5 ta wannan gefe 6 ta wancan, kowane ɗan wasa da 'ya'ya 12, ko da yake ƙa'idojin suna ɗan bambanta daga gari zuwa gari. Tana da mataki biyu. Da farko ana zuba 'ya'ya ɗaya bayan ɗaya har su ƙare, gurbi 6 ya rage. Sannan a shiga matsawa taki ɗaya gaba, baya ko gefe, wanda ya jera uku ya ci ɗan abokin karawarsa. Ka duba abin da ke cikin wannan. Allon jeri ne a cikin jeri, inda 0 ke nufin gurbi ba kowa, 1 naka, 2 na abokin karawa. Matakan biyu su ne halin da na yi maka bayani. Duba jeren uku maimaici ne da sharaɗi, kuma za ka yi gumi kafin ka hana shi ƙirga jeren huɗu, wanda a ƙa'idar da aka fi sani ba ya ci. Mafi muhimmanci, dara za ta koya maka raba ƙa'idar wasa da zanen wasa. Gaskiyar wasan tana cikin lambobin, hoton da ke sikirin nuni ne kawai. Mai koyon da ya cakuɗa biyun, duk lokacin da ya canza hoto sai ƙa'ida ta lalace. Idan ka gama ta mutum biyu a waya ɗaya, sai ka koya wa kwamfuta bugawa. Ka fara da ta zaɓi taki da ka, sannan ta fifita takin da zai ci, daga baya ka karanta dabarar minimax, inda take hango taki uku ko huɗu gaba tana ɗauka cewa kai ma mafi kyawun taki za ka yi. Wani alfanun kuma, babu tarin bidiyon da za ka kwafa, dole ka zauna da wanda ya iya dara ka tambaye shi, ka mayar da maganarsa ƙa'idar da kwamfuta za ta gane. Wannan shi ne ainihin aikin.

Na ambaci kwafa da gangan. Bidiyon darasi a YouTube suna da amfani, amma akwai tarko a cikinsu. Mutum zai bi darasi goma, ya rubuta duk abin da malamin ya rubuta, gem ya yi aiki, ya ji kamar ya iya. Ranar da ya buɗe shafi fari shi kaɗai sai ya rasa ta inda zai fara. Ka bi darasi ɗaya, wanda ke cikin littafin jagorar Godot na gem mai fuska biyu ya wadatar, sannan ka rufe shi ka canza wani abu da ba a koya maka ba. Ka ƙara rai uku. Ka sa abokan gaba su riƙa ƙara sauri. A wurin da ka maƙale, a nan koyo yake faruwa. Idan jan rubutu ya fito, wato saƙon kuskure, kada ka rufe shi da sauri, ka karanta. Yana faɗa maka fayil da lambar layi, sau da yawa har da dalili. Ka saba da umarnin print, ka riƙa fitar da ƙimar bariyabul kana gani, domin yawancin kurakurai sun samo asali ne daga lambar da kake zaton 5 ce alhali 0 ce. Turancin da ake buƙata a nan ba mai zurfi ba ne, kalmomi kaɗan ne ke ta maimaituwa.

Game da ChatGPT da ire-irensa, ra'ayina shi ne ka tambaye su bayani, kada ka sa su rubuta maka gem a watannin farko. Ban da cewa ba za ka koya ba, suna yawan cakuɗa Godot 3 da Godot 4, wanda ya fito a Maris 2023 da canje-canje masu yawa. Abin da ake kira KinematicBody2D a da ya koma CharacterBody2D, yield ya koma await. Mai koyo da aka ba shi tsohon kodi zai wuni yana zargin kansa. Haka ma bidiyo, ka duba na wane Godot ne kafin ka ɓata datarka.

Ka koyi manhajar Git tun a gem na biyu. Umarni huɗu ko biyar sun ishe ka. Yana ajiye tarihin aikinka, ta yadda idan ka ɓata abin da ke aiki jiya za ka iya komawa, kuma idan ka tura kwafi GitHub, shafin intanet da ake ajiye kodin, ɗaukewar wuta ko mutuwar kwamfuta ba za ta tafi da wahalarka ba. Zane kuwa kada ya tsayar da kai. Akwatuna masu launi sun isa har sai wasan ya yi daɗi, domin gem ɗin da bai yi daɗi da akwatuna ba, zane ba zai cece shi ba. Idan lokaci ya yi, shafin Kenney yana da dubban hotuna da sautuka kyauta ƙarƙashin lasisin CC0, kana iya sayar da gem ɗin da ka yi da su. Krita na zane da Audacity na sauti duk kyauta ne. Kada ka ɗauko hoto ko waƙar wani ka saka, ana sauke gem daga kasuwa saboda haka. Idan kuma da Hausa za ka rubuta maganganun gem ɗinka, kuma ina fata ka yi, ka gwada zubin haruffan da ka zaɓa da ƙ, ɗ da ɓ tun da wuri. Da yawa daga cikin masu kyan gani ba su da su, sai ka ga wani ɗan akwati ya fito a tsakiyar kalma.

Gamawa tana da ma'ana takamaimai. Akwai shafin farko, akwai sauti, akwai abin da ke faruwa idan an ci ko an faɗi, akwai maɓallin sake bugawa, kuma an fitar da fayil ɗin APK, wanda da shi ake girka manhaja a Android, an saka a wayar wani. Fitarwa zuwa Android tana buƙatar ka sauke kayan haɗa manhajar Android guda biyu, JDK da Android SDK, ka tanadi data da haƙuri na yini guda. Wannan ɓangaren na ƙarshe ba shi da daɗi, shi ya sa ake samun masu gem goma da aka fara, babu ko ɗaya da aka gama. Idan ka miƙa wa abokinka wayar, ka yi shiru ka kalli yatsunsa. Inda ya rikice, gem ɗin ne bai yi bayani ba, kada ka ɗora masa laifi. Gasar ƙera gem cikin ƙanƙanin lokaci tana horar da mutum a kan wannan. Global Game Jam ana yin ta duk Janairu tun 2009, awa 48. Ludum Dare ta girme ta, tun 2002 ake yi, kuma a shafin itch.io kusan kullum akwai wata da ke gudana, daga ɗakinka za ka shiga. Celeste da ya yi suna a 2018 ya samo asali ne daga ɗan gem da mutum biyu suka haɗa cikin kwana 4.

Ba ka tambayi kuɗi ba, amma na san maganar tana nan tafe. Saka gem a itch.io kyauta ne. Google Play dala 25 ne sau ɗaya, sai dai sabon asusu na mutum ɗaya dole ya yi gwaji da aƙalla mutum 12 na tsawon kwana 14 kafin a bari ya fito fili. Steam, kasuwar gem na kwamfuta, dala 100 ne kowane gem, Apple dala 99 duk shekara. Yawancin gem na farko ba sa kawo komai, kuma ba na so ka shiga da zaton akasin haka. Kamfanin Rovio na Finland ya yi gem 51 kafin Angry Birds a 2009. Amma ana sana'ar a nahiyarmu: akwai Maliyo Games a Legas, akwai Leti Arts a Ghana da Kenya, akwai Kiro'o Games a Yawunde da suka fitar da Aurion a 2016. Irin waɗannan wurare abin da ka gama suke son gani, gem uku ƙanana da ke aiki sun fi takardar shaidar kwas nauyi. Kuma kodin da ka koya a nan shi ne dai wanda ake yin manhajar waya da shafin intanet da shi, ko da daga baya ka karkata can.

Bayan gem na uku ko na huɗu, idan ka ga aiki a kamfani kake nema, sai ka koyi C# ka gwada Unity, lokacin ƙila ka samu kwamfuta mai RAM 8GB ko 16GB. Idan kuma ka ga yadda injin kansa yake aiki ne ke jan hankalinka, nan ne C++ zai shigo, kuma kodin ɗin Godot da C++ aka rubuta shi, a buɗe yake a GitHub ga mai son karantawa. A wannan makon dai, ka sauke Godot 4, ka saka hoto ɗaya a sikirin, ka rubuta layukan nan biyar, sannan ka ƙara hagu da sama da ƙasa da kanka. Idan ya ƙi motsi, ka turo mini jan rubutun da ya fito tare da kodin ɗin, mu duba tare.